Komawa Linux daga Windows da Palm a hannu: yadda za ka ƙaura ba tare da sunaye sun fito bibbiyu ba

Tambayar a taƙaice: wani bawan Allah ne yake da Palm TX, ƴar kwamfutar aljihu, da ya daɗe yana amfani da ita, lambobin mutane da kalanda da ƴan rubuce-rubucensa duk suna ciki, kuma da manhajar Palm Desktop a Windows yake haɗa ta da kwamfuta. Yanzu ya sa Linux a kwamfutar, bai goge Windows ɗin ba tukuna, akwai kuma wata Mac a wajen aiki. Ya fitar da lambobin a fayil ɗin CSV ya shigar a J-Pilot, manhajar da ke kula da Palm a Linux, ya danna HotSync, wato madannin da ke daidaita bayanan na'urar da na kwamfuta, kawai sai ya ga kowane suna ya zama biyu a na'urar, ya tsorata ya tsaya. Yana tambaya ko ya kwafe foldar Palm Desktop ɗin ya kai Linux kawai a huta.

Toh ɗan'uwa, ka kyauta da ka tsaya, don da ka koma Windows ka sake danna HotSync a haka da yanzu wani zancen muke. A yanzu dai kwafin da ke Windows lafiyarsa ƙalau, shi ne jarinka, kar ka jona na'urar a can sai ka gama karanta wannan.

Maganar kwafe folda kuwa ba zai yi ba. Palm Desktop na Windows yana ajiye kayansa ne a nasa salon, a tsofaffin fitowa irin 4.1.4 za ka ga address.dat da datebook.dat da memopad.dat da todo.dat, a 6.2 kuma suka koma fayilolin .mdb, shi kuma na Mac ma ba ɗan gida ɗaya ba ne da na Windows duk da sunansu ɗaya, asalinsa Claris Organizer ne da Palm suka saya suka canja masa suna, don haka ajiyarsa daban take. J-Pilot kuma fayilolin .pdb yake riƙewa a foldar .jpilot, wato irin yadda suke a cikin na'urar kanta. Kaga kenan manhajoji uku, yare uku, ba mai jin na wani. Wadda take jin yaren kowa a cikinsu ita ce Palm ɗin da ke hannunka. Ita ce za ta ɗauki kayan daga tsohon gida ta kai sabo, aikinka kawai ka tabbata abin da ke cikinta daidai ne kafin ta tashi, sannan ka tarar da sabon gidan babu komai a ciki.

Bari in ɗan buɗe maka yadda HotSync yake aiki don in ka gane wannan sauran duk kai ma za ka iya hasashensu. Kowane abu da ka rubuta a Palm, suna ɗaya ko alƙawari ɗaya a kalanda, yana da wata lamba tasa da ba ka gani, da kuma ƴar alama da take tashi idan ka taɓa shi, gyara ko gogewa. Ita kuma na'urar tana riƙe da sunan mai ita, da lambar mai ita, da lambar kwamfutar da ta yi haɗi da ita na ƙarshe. Idan ka danna madannin ta ga ai kwamfutar jiya ce, sai a yi haɗin gaggawa, a duba masu alama kaɗai a wuce da su a sauke alamar, shi yasa yake ƙarewa kafin ka gyara zama. Idan kuwa ta ga baƙuwar kwamfuta ce, alamun nan ba abin dogaro ba ne tunda waccan ta riga ta sauke su, dole a bi komai ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa, wannan shi ne haɗin a hankali. Kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, Windows da Linux da ke kan inji ɗaya a wajen Palm kwamfutoci biyu ne, ba ruwanta da cewa akwati ɗaya suke zaune.

Yanzu ka duba abin da ya same ka. Fayil ɗin CSV rubutu ne zalla, suna da lamba da adireshi, ba ya ɗauke da waccan ɓoyayyar lambar. Da ka shigar da shi J-Pilot sai ya ɗauke su duk a matsayin sababbin mutane, da aka zo haɗi ya tura su na'urar aka ba su sababbin lambobi, na'urar kuma ta turo nata na asali, kowa ya zama tagwaye. Manhajar ba ta yi kuskure ba, abin da aka gina ta a kai kenan, in tana shakka gara ta ajiye biyu da ta goge ɗaya. Ni ma na taɓa yin irin wannan da kalanda, wanda ya fi na lambobi ciwo, don alƙawari mai maimaituwa duk sati in ya zama biyu ƙararrawa biyu za ta dinga bugawa, na fi sati ina bi ina gogewa da ɗan alƙalamin taɓa allon nan kafin na gane ai da na koma tsohuwar kwamfutar da minti biyar ya ishe ni.

Gyaran naka kenan. Amma kafin komai ka ɗauki cikakken kwafin na'urar yadda take yanzu, da tagwayen da komai. A Linux in kana da pilot-link, wato tarin ƴan manhajojin da ke magana da Palm, ka buɗe tagar umarni ka rubuta pilot-xfer -p usb: -b sannan sunan sabuwar folda, ka danna HotSync a na'urar, zai kwashe duk fayilolin .pdb da .prc ya zuba maka. Wannan umarnin ɗauka kawai yake yi baya rubuta komai a cikin bayananka. Ka kula da harafin, -b nake nufi, don -r mayarwa yake yi cikin na'urar, -s kuma yana share abin da ke foldar in babu shi a na'urar. Tunda TX tana da ramin katin SD ka ƙara da wani kwafin a kati, akwai manhajar NVBackup kyauta da aka yi don irin waɗannan. Sannan a Windows ka kwafe foldar mai amfani gaba ɗaya ka kai filas, tana cikin Program Files ƙarƙashin Palm ko palmOne, in kuma 6.2 ne tana cikin Documents a foldar Palm OS Desktop. Wani abu da yake yaudarar mutane anan, akwai folda mai suna Backup a ciki, sai mutum ya ɗauka komai nasa yana can, alhali yawanci manhajojin da ka girka ne da bayanan da ba su da mai kula da su a kwamfuta, lambobi da kalanda suna nasu foldojin a gefe. Ka kwafe uwar foldar, ba Backup kaɗai ba.

Sai ka zauna ka tuna, tun haɗinka na ƙarshe da Windows me ka ƙara a na'urar? In lambobi uku ne ko huɗu ka rubuta su a takarda, don matakin da ke tafe zai tafi da su. Ka shiga Windows, kar ka jona kebul tukuna, ka danna alamar HotSync Manager a ƙasan allo ka shiga Custom, in 6.2 ne wajen yana cikin Settings ƙarƙashin Applications. Za ka ga jerin bututun, kowane irin bayani da nasa, na lambobi daban na kalanda daban. Kowanne yana da zaɓi huɗu: a daidaita ɓangarorin biyu, kwamfuta ta danne na'ura, na'ura ta danne kwamfuta, ko kar a yi komai. A na lambobi ka zaɓi Desktop overwrites handheld. Ka karanta shi sau biyu wallahi, don shi da kishiyarsa kalmomi ɗaya ne aka juya, kuma ba ya tambayarka ko ka tabbata. Sauran ka bar su a daidaitawa in ba su lalace ba. Wannan zaɓin na haɗi ɗaya ne kawai sai ya koma yadda yake, muddin ba ka danna akwatin Set as default ba, kuma kar ka danna. Ka yi HotSync, ka duba na'urar, tagwaye sun tafi, ka mayar da ƴan lambobin da ke takarda.

Daga nan sai Linux. Ka rufe J-Pilot, ka canja wa foldar .jpilot suna, kar ka goge, ka sa mata .jpilot-tsohuwa ko wani abu, don in ya buɗe ya ƙirƙiri sabuwa fanko. Kar ka shigar da komai da hannu. Kafin ka yi haɗi ka shiga saitinsa ka duba abu biyu. Na farko wane rumbun yake karantawa. Tsofaffin Palm suna da AddressDB da DatebookDB da MemoDB da ToDoDB, amma daga wajen 2003 Palm suka kawo sababbi masu ƙarin gurabe, ContactsDB-PAdd da CalendarDB-PDat da MemosDB-PMem da TasksDB-PTod, kuma TX da ta fito a 2005 da su take aiki. Tana amsa tsofaffin sunayen don kar tsofaffin manhajoji su mutu, amma ta wannan ƙofar ba za ka ga hoton mutum ba, ko ranar haihuwa, ko adireshi na biyu da na uku, ko wurin da za a yi taro a kalanda. Mutum sai ya ga lambobinsa sun zo cif ya yi murna, sai bayan wata biyu ya nemi adireshin ofis ɗin wani ya ga wayam. Sababbin fitowar J-Pilot suna ba ka zaɓi, ka zaɓi Contacts da Calendar da Memos.

Na biyu tsarin haruffa. Palm na ƙasashen yamma tana rubutu ne da tsarin da ya yi kusa da Windows-1252, Linux kuma UTF-8 yake, tsohuwar Mac kuma nata daban. In saitin bai dace ba sunaye masu ɗigo ko lanƙwasa a saman harafi za su koma wasu alamomi marasa kan gado, kuma in ka gyara ɗaya a haka ka yi haɗi ɓarnar ta shiga na'urar. Ka zaɓi wanda yake juya Latin na yamma zuwa UTF-8 ka buɗe suna ɗaya mai irin harafin ka gani da idonka. Su ƙ da ɗ da ɓ kuwa babu su sam a tsarin Palm, in ka rubuta su a kwamfuta alamar tambaya ko wani tarkace za ka tarar a can, don haka duk abin da zai shiga na'urar ka rubuta shi da k da d da b kawai.

Maganar kebul a Linux tana da ɗan taurin kai, tunda ka riga ka yi haɗi sau ɗaya inaga ka wuce wajen, amma in ya dawo yana gardama ga dalilin. Palm yawanci ba ta bayyana a USB sai lokacin da ka danna HotSync, ta gama ta ɓace, in ka rubuta lsusb a wannan tsakanin za ka ga lamba 0830 wadda ita ce ta Palm. Hanya biyu ce, ko ta direban visor da ke cikin kanel wanda yake fito da ttyUSB0 da ttyUSB1, ko ta libusb inda kake rubuta usb: a wajen tasha. Ba sa zama tare, in kana son usb: sai ka hana visor tashi, in ba haka ba shi zai riga kama na'urar. Da visor sai ka fara danna madannin na'urar sannan na kwamfuta, don fayil ɗin tashar babu shi kafin nan, da usb: kuwa manhajar tana iya zama tana jira. In ya yi aiki da sudo ya ƙi da sunanka matsalar izini ce, ko dai sunanka ba ya cikin rukunin dialout ko dokar udev mai ba da izinin na'urori ba ta dace ba, ka gyara wannan maimakon ka dinga buɗe J-Pilot da sudo don zai kai bayananka gidan root ka zo kana nema. Wasu sababbin Linux ma sun cire pilot-link da J-Pilot daga rumbun manhajojinsu, sai an nemo daga wajen masu kula da su ko a harhaɗa da hannu.

In J-Pilot ya yi maka gargaɗi cewa suna ko lambar mai na'ura ba su dace da wanda ya sani ba, ka tsaya ka karanta, kar ka wuce da sauri. Kuma kar ka canja sunan HotSync ɗinka don ka koma sabon gida, manhajojin da ka saya da yawa lambar rajistarsu da wannan sunan aka ɗaure ta, harafi ɗaya ya canja su koma na gwaji, kamfanonin da za su ba ka sabuwar lamba kuma akasari babu su yanzu.

Sai babbar tambayar da ba ka yi ba amma tana nan tafe, wato ko za ka iya ci gaba da haɗawa da duka biyun, yau Windows gobe Linux. Zai yiwu, mutane sun yi shekaru suna yi tsakanin gida da ofis, amma ni bana ba da shawarar haka in manhajojin ba iri ɗaya ba ne. Duk sanda ka sauya haɗin a hankali za a yi, kuma inda yake yin tuntuɓe shi ne gogewa. Ka goge suna a na'ura, ba ya tafiya nan take, alama ake sa masa, sai an yi haɗi kwamfutar ta gani sannan a share shi gaba ɗaya. Toh kwamfuta ta biyu ba ta ga wannan alamar ba, ita dai ta ga tana da mutum na'ura ba ta da shi, manhaja mai wayo za ta duba kwafin haɗinta na baya ta gane goge shi aka yi, wadda ba ta da wannan sai ta mayar maka da shi a matsayin taimako, ka goge mutum sau uku yana dawowa. Haka rukunai, guda 15 ne kawai kake da su banda Unfiled, kuma lamba ce take riƙe da su ba suna ba, in ka canja sunan rukuni a nan ka ƙirƙiri wani a can sai ka tarar abokan aiki sun koma rukunin dangi.

Abin da nake yi, kuma shi zan ce ka yi, ɗaya ce uwar gida. Ka zaɓi Linux tunda can ka nufa, can kaɗai ake daidaitawa ta ɓangare biyu kuma can kaɗai kake gyara a kwamfuta. Windows in kana son ya ci gaba da samun kwafi ka sa duk bututunsa a Handheld overwrites Desktop, a nan kam ka danna Set as default, ya zama madubi kawai, kar ka ƙara rubuta komai a Palm Desktop don haɗi na gaba zai shafe shi. In kuma dole sai ka yi gyara a duka biyun, ƙa'idar ita ce ka yi haɗi da zarar ka zauna kafin ka taɓa komai, ka kuma yi kafin ka tashi, kullum, ranar da ka manta ranar za ka samu tagwaye. Ka duba agogo ma, masu Windows da Linux a inji ɗaya sun san yadda lokaci yake tsallakewa da awanni in an sauya, don Windows yana ɗaukar agogon injin a lokacin gari Linux kuma a UTC, in kana da abin da yake saita agogon Palm daga kwamfuta sai ƙararrawarka ta buga ba a kan lokaci ba.

Mac ɗin wajen aiki kuma ya danganta da shekarunta. Palm Desktop na Mac don injin PowerPC aka rubuta shi, a Mac masu Intel ta Rosetta yake tafiya, wato manhajar da ke fassara musu kayan PowerPC, Apple kuma suka cire Rosetta a fitowar tsarin Mac mai suna Lion cikin 2011, don haka wadda ta gabace ta, Snow Leopard, ita ce iyakarsa. Akwai The Missing Sync na kamfanin Mark/Space da mutane suka koma wa, shi ma ya tsufa, a Mac ta yanzu kar ka ɓata lokacinka. In lambobin kawai kake so a can ka fitar da su a fayil ɗin vCard, kalanda kuma a fayil ɗin iCalendar, salon da yawancin manhajoji suke karantawa, J-Pilot yana fitar da duka biyun, ka shigar a Mac ɗin a matsayin kwafin karatu, hanya ɗaya, ba mai dawowa na'urar. Anan ne fitarwa da shigarwa suke da amfani, wajen da Palm ba za ta taɓa jonuwa ba. Kafin ka fitar ka buɗe bayanan da ka ɓoye da kalmar sirri, in suna ɓoye ana iya tsallake su ba tare da an gaya maka ba. Fayilolin .aba da .dba da Palm Desktop yake fitarwa kuwa shi kaɗai yake cin abinsa, kar ka dogara da su don ƙaura.

Wata hanyar da ban raina ba, in ka saba da Palm Desktop ɗin kuma Windows ne kawai ka gaji da shi, ka sa tsohon Windows mai 32-bit a VirtualBox, manhajar da ke gudanar da wani tsarin a cikin wani, cikin Linux ɗin ka mayar da foldarka can, anan kam kwafe folda yana aiki tunda manhaja ɗaya ce, ka dai sa fitowa iri ɗaya da wadda ka baro. Na ce 32-bit don Palm ba su taɓa fitar da direban USB na Windows 64-bit ba, wani kamfani Aceeca ne ya fitar daga baya mutane suka samu sauƙi. Sai ka sa matatar USB a saitin VirtualBox da lambar nan 0830 don ya cafke na'urar da kansa, in ka ce da hannu za ka zaɓa kafin ka kai linzami ta gaji da jira ta katse.



Kar ka goge Windows ɗin sai ka yi kamar wata guda a Linux kana duba abubuwan da ba a duba su kullum, alƙawura masu maimaituwa da ranakun da ka cire daga cikinsu, dogayen rubuce-rubuce ko sun yanke, don tsohon Memo iyakarsa 4KB ne sabon kuma 32KB, da bayanin da ke maƙale a ƙasan suna. Ka ƙirga adadin lambobi a Palm Desktop ka ƙirga a J-Pilot su zo ɗaya. TX ba ta mantuwa in batir ya mutu irin su Palm III da m100 masu batirin AAA da in ka daɗe wajen canji komai ya tafi, wannan ya rage maka fargaba ɗaya. Amma kalandar Palm daga 1904 take ƙirga shekaru kuma ba ta wuce 31 ga Disamba 2031, don haka fitarwar nan ta vCard da iCalendar ka mayar da ita al'ada ko da sau ɗaya a wata, ka ajiye su a folda ɗaya da kwafin pilot-xfer, ka sa kwanan wata a sunan foldar.